Sauke kaya kafin gudun Legas: sati uku ko sati biyu ga wanda ya haura hamsin?

Asabar ɗin da ta wuce mun dawo daga gudu a hanyar Lamingo a nan Jos muna zaune gun mai shayi, kowa ya cire kambas ƙafa na shan iska, sai wani abokin gudunmu malamin makaranta, shekararsa 52 kuma wannan ne karon farko da zai je gudun fanfalaki na Legas, ya ce min "Alhaji dan Allah warware min, wannan sauke kayan da kuke ta faɗa sati uku ake yi ne ko sati biyu? Na duba waya kowa da abinda yake cewa." Na fara bashi amsa kenan yaron shago ya kira wai an kawo dilar yadi mai mota na jira, na tashi ban ƙarasa ba. To ga amsar a rubuce, shi da duk wani sa'anmu da furfura ta fito masa amma ya ƙi zama a gida.

Sauke kaya dai sunan da muka sa wa abin ne a tsakaninmu, wato rage yawan gudu a satittikan ƙarshe kafin ranar tsere. Dalilinsa ba boyayye bane. Wata huɗu kana dukan kwalta, naman ƙafa ya yi ƙananan tsage-tsage da ido baya gani, sikarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta kullum a rabi yake saboda kafin ya cika ka sake ƙonawa, ga gajiya da ta taru wadda kai kanka ka daina jinta don ta zame maka jiki. In ka rage gudu gajiyar na tafiya da sauri, shi kuwa ƙarfin da ka tara a hankali yake zuba, to wannan tazarar da ke tsakaninsu ita ake nema, a sa ta faɗo daidai safiyar da za a yi kilomita 42 da mita 195. Duk mun yarda da wannan, rigimar kawai a kan kwana nawa ne.

Ni na gwada duka biyun, sati biyu a 2023, sati uku a 2024, duk a Legas, shekarata yanzu 56 kuma ina da shagon yadi a gefen Taminus wanda tsayuwa ce aikinsa daga safe har la'asar. Bari in fara da yadda kowanne yake a lissafi, da misalin wanda satinsa mafi nauyi ya kai kilomita 60.

Mai sati uku, tunda Asabar ake gudun Legas, dogon gudunsa na ƙarshe wato kilomita 30 zuwa 32 zai faɗo Asabar ɗin da ya rage kwana 21. Satin da ke biye ya sauko kamar kilomita 45, dogon cikinsu 20 ko 22. Na biyu ya dawo 33 zuwa 35, dogon ciki kar ya wuce 14 ko 15. Satin tsere kuma ɗan abinda bai wuce 15 zuwa 18 ba a rarrabe, kwana biyun ƙarshe kusan hutu. Mai sati biyu kuwa sai ya rage kwana 14 zai yi 30 ɗinsa, daga nan ya faɗo gaba ɗaya zuwa wajen 35, satin ƙarshe iri ɗaya ne da na wancan. Ka ga ashe bambancin duka sati ɗaya ne, shi mai biyu ya ƙara samun sati guda na tirenin mai nauyi, shi mai uku ya ƙara samun sati guda na warkewa. Tambayar da zaka yi wa kanka ita ce wanne jikinka ya fi buƙata, kuma wlh a shekarunmu amsar bata cika zama tirenin ba.

Abu ɗaya da duka biyun suka haɗu a kai, kuma nan ne mutanenmu ke kuskure: nisa ake ragewa, ba a rage sauri, ba a kuma soke ranakun fita sosai. In da kwana biyar kake fita a sati to ka riƙe huɗu ko biyar ɗin, sai dai kowace fita ta gajarce, kuma sau ɗaya ko biyu a sati ka saka kilomita 3 zuwa 5 a daidai saurin da kake son yi ranar tsere. Wanda ya ji ance hutu ya je ya kwanta sati biyu yana cin masa da miyar taushe, ranar tsere ƙafarsa kamar ta aro zai ji ta.

Masu bincike ma sun rabu, shi yasa malam ya ga waya na faɗa masa magana biyu. A 2007 wani masani Laurent Bosquet da abokan aikinsa sun tattara bincike 27 da aka yi kan ƴan wasa masu gasa, masu gudu da masu ninƙaya da masu keke, suka ga abinda ya fi bada sakamako shine sati biyu, a rage yawan tirenin da kashi 41 zuwa 60 cikin 100 ba tare da an taɓa sauri ko yawan fita ba. Sai a 2021 wasu masana biyu a Dublin, Barry Smyth da Aonghus Lawlor, suka duba bayanan masu gudun sha'awa sama da 158,000 daga manhajar Strava, suka ga waɗanda suka yi sati uku suna saukowa a tsare, kowane sati ƙasa da na bayansa, sun samu ragin kusan minti 5 da rabi, kashi 2.6 kenan, idan aka gwada su da waɗanda kusan basu sauke komai ba. Na farkon a kan ƴan gasa ne da akasarinsu jini ke tafasa, na biyun a kan irinmu ne masu aiki da iyali. Amma in zan yi adalci, shi na biyun leƙen abinda mutane suka yi da kansu ne, ba raba su aka yi gida biyu aka gwada ba, kuma mutumin da ya iya kame kansa sati uku dama can mai tsari ne a tirenin ɗinsa duka, don haka ba duka minti biyar ɗin zaka jingina wa sauke kaya ba. Duk da haka kalmar da na ɗauka daga ciki ita ce a tsare. Sati uku da kake sauka yau gobe ka haura bai kai sati biyu mai tsari ba.

Yanzu maganar shekaru. Yaran Pankshin da muke haɗuwa dasu wani lokaci a filin wasa na Rwang Pam, zasu yi kilomita 30 ranar Asabar, Litinin ka gansu suna tsalle kamar ba su ba. Ni in na yi 30 sai Laraba nake sauka matakalar masallaci ba tare da na dafa bango ba, kuma wannan tsamin da ake ji ne kawai, na ciki ya fi haka daɗewa musamman agara da gwiwa da tafin ƙafa, don su jijiyoyi jini baya kai musu kamar yadda yake kai wa tsoka, warkewarsu a hankali take. Ɗan shekara 25 in ya ware kwana 14, huɗu sun ishe shi ya farfaɗo sauran goma riba ce. Ni bakwai zuwa goma na farko duk biyan bashi ne, abinda ya rage min na hutun gaske bai taka kara ya karya ba. Ba wai tsufa na hana gudu bane, Ed Whitlock ɗan Kanada yana da shekara 73 ya gama gudun fanfalaki a awa 2 da minti 54 a Toronto a 2004, abinda yawancin samarinmu ba zasu iya ba, tsufa dai tsawaita lokacin gyara yake.

Sai kuma abinda babu shi a jadawalin da ake saukewa a waya, wato rayuwa. Shi jadawali ya ɗauka in ya rubuta maka hutu to kana kwance ƙafa a kan filo. A 2023 na zaɓi sati biyu saboda Disamba ta cinye min dogon gudu guda biyu, kasuwar Kirsimeti da bukukuwa shago ba masaka tsinke, na ce bari in rama. Na yi 32 ya rage kwana 14, na ji daɗi har ina cika baki. To kun tuna lokacin ne aka shiga rikicin canjin kuɗi, ana ta rububin kai tsofaffin takardu banki kafin wa'adi ya cika, ni kuma ga cinikin shago duk tsofaffi ne. Kwana uku a jere ina tsaye a layin wani banki tun bayan asuba har azahar, a kan siminti, da takalmi sau-ciki, ga buhun kuɗi a hammata ba halin in zauna a bi ta kaina. Ranar na huɗu aka yi rasuwa a unguwa muka taka har maƙabarta muka dawo, muka zauna zaman gaisuwa a kan tabarma ƙafa a lanƙwashe. A agogona ya nuna na huta, kilomita 34 kacal a satin, amma da daddare in na danna sha-raɓata da yatsa sai in ji kamar an cusa dutse. Hajiya ta kalle ni ina shafa man zafi ta ce "Alhaji wai wannan shine hutun?" Ban ce komai ba.

A Legas na tashi lafiya daga filin wasa na Surulere, na haye gadar Third Mainland wadda doguwa ce kusan kilomita 12 kuma ko inuwar sanda babu a kanta, ina ganin abin zai yi kyau. Wajen kilomita 29 cinyar dama ta fara ɗaurewa, a 33 na koma tafiya, daga nan har Eko Atlantic inda ake ƙarewa gudu kaɗan tafiya da yawa, awa 5 da minti 18. Shekarar da ta biyo na yi sati uku, a cikinsu ma an yi bikin ƴar ƙanwata ni ne waliyyi, kwana biyu ina tsaye ina gaisawa da jama'a, ga mura ta hunturu ta kama ni kwana uku, amma da yake akwai sarari duk sun shige ciki sun narke, na gama a awa 4 da minti 49, kusan minti 6 da sakan 50 kowace kilomita. Ba zan ce duk minti 29 ɗin na sauke kaya bane, na ƙara sanin hanya kuma ban tashi da rawar kai ba. Abinda na tabbatar shine sati uku yana da wurin da matsala zata faɗa. A sati biyu in zazzaɓi ya kwantar da kai kwana huɗu shikenan kusan sulusin hutun ya tafi a jinya.

Akwai kuma wata riba da ta shafe mu mutanen Jos musamman. Mu duk tirenin ɗinmu a Disamba da Janairu muke yi, da asuba, cikin sanyin da har safar hannu da hular sanyi muke sawa, iska a bushe, ka yi kilomita 20 rigarka bata jiƙe ba. Sai ka sauka Legas a Fabrairu, ƙarfe tara na safe rana ta buɗe, iska a jiƙe gumi baya bushewa balle ya sanyaya ka, zuciya na bugu fiye da yadda ta saba a wannan saurin. Wasu na cewa ai mu ƴan kan tudu ne mun fi su numfashi. Jos tana wajen mita 1,200 ne sama da teku, Iten ta Kenya inda zakaru ke zama tana wajen 2,400, ninki biyu kenan, don haka ɗan abinda tudunmu ya bamu zafin Legas zai karɓe shi da riba. Jiki na ɗaukar kamar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, ya fara gumi da wuri, ruwan jini ya ƙaru. A sati uku kana da damar ka maida gajerun fitarka, minti 30 zuwa 40 a hankali, zuwa hantsi ko bayan azahar har da ƙarin riga, tun daga satin farko lokacin da nauyi ya riga ya ragu. A sati biyu kwanakin da ya kamata ka fara wannan sune kwanakin da kake fama da tsamin kilomita 32, ka haɗa wa jiki wahala biyu. Zafin Jos busasshe ne ba zai zama na Legas ba, amma ya fi ka je kai tsaye daga hular sanyi. Mai hawan jini ko ciwon suga ko wanda ya taɓa jin nauyi a ƙirji, wannan dabarar sai ya zauna da likitansa tukun, dama tun kafin ya yi rajista ya kamata.

To kar in zama kamar mai tallan sati uku, yana da nasa ciwon kai. Na farko ƙaiƙayin ƙafa. Wajen kwana na goma zaka fara jin kamar duk abinda ka tara ya zube, ka ga samari sun wuce ka a hanyar Rayfield zuciya ta ce bi su, ka fara jin ciwo a wuraren da basu taɓa ciwo ba, ka dinga faɗa a gida ba dalili. Ni har ƴata ta ce "Baba dan Allah ka fita gudun nan ko ma huta." A nan ne mutane ke ɓata abin, su ce bari in ɗan gwada 25 in ga ko ina nan, alhali ba a fafe gora ranar tafiya, duk gudun da ka yi a kwana goman ƙarshe ba zai ƙara maka ƙarfin da zaka mora ranar ba, gajiya kawai zai iya ƙara maka. Na biyu ciki, ka rage ƙonawa amma baki bai san an rage ba, sati uku na tuwo da shayi mai kauri sun isa su ɗora maka kilo biyu na gaske. Na uku lokacin da ya rage a hannunka, sai ka ga ka shiga gyaran rufi ko ɗaukar buhun siminti ko ƙwallo da jikoki, wani abokinmu a wasan ƙwallo da yara ya gurɗe ya rage kwana tara, kuɗin rajista da na mota duk suka tafi.

Waye sati biyu ya fi dacewa dashi? Wanda satinsa mafi nauyi bai wuce kilomita 35 zuwa 40 ba, don shi kayan da ya ɗauka basu kai a yi sati uku ana saukewa ba, in ya rage kashi-kashi zai wayi gari kusan baya gudu. Sai wanda rashin lafiya ko tafiya ta hana shi dogon gudu har ya zamana bai taɓa wuce 25 ba, shi kam gara ya samu guda ɗaya na 28 ya rage kwana 14, a hankali, ko don zuciyarsa ta san yadda awa uku da ɗoriya a kan ƙafa take. Sai mai aikin zama wanda zai iya kame satittikan nan biyu ba biki ba tafiya, kuma ya san daga gogewarsa cewa kwana uku ke isarsa ya warware bayan dogon gudu. In ka haura hamsin, kana yin 50 zuwa sama a sati, aikinka na tsayuwa ne ko akwai inda ke maka ciwo in ka taka ƙasa da asuba, to uku.

Satin ƙarshe kam ɗaya ne ga kowa, kuma mu tafiyar ma wani tseren ce. In ta mota ce wuni ne cur har da dare a zaune ƙafa ta kumbura, don haka Laraba ya kamata ka tashi ka isa Alhamis ka karɓi lambar ƙirji, Juma'a ka yi masallaci ka dawo ka kwanta, ba yawon Idumota sarin kaya ba, wannan da kaina nake. In ta jirgi ne daga Heipang Alhamis ta isa. Kwana biyun ƙarshe a cika ciki da shinkafa, dankalin Turawa, biredi, masa, a rage wake da kabeji da gwate da yaji, in sikeli ya nuna ka ƙaru da kilo ɗaya kar ka damu, kowane giram na sikarin da tsoka ta ajiye yana riƙe ruwa kusan giram uku. Kar a sa sabon kambas, kar a gwada jel ɗin sikari na masu gudu da ba a taɓa sha ba, ni dabino nake ƙullawa a leda don shi cikina ya sani. Kuma dan Allah a bar shan diclofenac da ibuprofen kafin a tashi wai don kar a ji ciwo, ga zafi ga ƙarancin ruwa a jiki, ƙoda ce ke biyan kuɗin. Wani abin lura kuma azumi na matsowa da kwana 10 zuwa 11 duk shekara, a 2025 farkon Maris aka ɗauka, a 2026 kuma ya shigo Fabrairu, to kafin ka biya rajista ka ɗora ranar tseren a kan kalandar Musulunci ka gani.

Shi malam da ya yi tambayar, satinsa mafi nauyi 48 ne, yana tsaye gaban allo daga takwas zuwa biyu, kuma ya faɗa min dunduniyarsa ta hagu na masa zafi in ya sauko daga gado. Na ce masa ya yi 30 ɗinsa ya rage kwana 21, sannan jimillar satin da ke biye 36, na biyu 27, satin tsere 14, fitar Talata da Alhamis ya maida su bayan an tashi makaranta cikin rana, ya kuma nemi kujera a aji. Ya ce satin tsakiyar akwai ɗaurin auren ƙaninsa a Bauchi kuma shi zai tuƙa, na ce to Asabar ɗin ya soke dogon gudun kilomita 14 da zai yi, ya yi 10 ranar Lahadi da yamma.